Tawadar Mutumin Japan

Yanzu da aka kai kakarku Inna makwancinta, rantsuwar da ta ɗaure mini baki ta sauka, don haka ku saurara. Na san Hausarku ta kicin ce da ta gaisuwa, ba ku iya karanta ta ba, to ku nemi mai karanta muku, kuma kada wanda ya ce mini "halas ya Ummi, abin ya wuce." Bai wuce ba. Kun tashi kuna jin ana cewa ubanku boka ne, mai sihiri da rubuce-rubuce, kun ji a unguwa, kun ji a makaranta, kun haɗiye. Kai Babba, ɗan farina da ba na kama sunanka, kai ka fi kowa haɗiyewa, kuma ko na ce "ku" da kai nake.

Babanku marubucin allunan shaguna ne. Kafin ku yi wayo, in mutum ya bi unguwar Utaibiyya a nan Makka daga wannan baki zuwa wancan, sunayen da ke saman ƙofofi, na mai burodi, na tela, na mai gyaran agogo, da yawansu hannunsa ne. A hanya aka haife shi, a wani ƙauye na Sudan inda Inna da mijinta suka yada zango suna tsinkar auduga kafin su sami haye teku. Mijin ya rasu a can. 'Ya'yanta na farko duk ta binne su tsakanin Chadi da Sudan, ta iso Makka da guda ɗaya a goye, shi ya sa har ya yi furfura Auta take ce masa. Nijeriya bai taɓa ganinta ba sai a bakin mutane. Inna kuwa ko guntuwar takarda ba ta da ita, ba iƙama ta izinin zama, ba fasfo, ga Larabcinta bai wuce na salla ba. Burinta ɗaya ne a duniya, kun kuma ji shi har ya gundure ku: ta taka ƙasa shekara da shekaru don a binne ta a Makka, kuma daga nan ba inda za ta sai kabari.

Da injinan buga alluna suka shigo, sana'ar ta mutu a hannunsa yana kallo. Yaro zai danna kwamfuta, kafin ka shanye shayi allo ya fito, wa zai tsaya jiran Malam ya auna tsawon alif? Sai ya koma abin da mazan unguwa ke yi, in aikin Hajji ya zo ya tafi Mina tura tsofaffi a keken guragu, sauran shekara kuma 'yan buge-buge. Abin da bai bari ba shi ne waƙa. Da ajami yake rubuta ta, doguwa, baiti bisa baiti, ya ritsa ni ina tsintar shinkafa ya yi ta rerawa. Wallahi wani lokaci har gyangyaɗi nake yi, sai ya naɗe takardunsa ya ce tunda barci ya fi mini, bari ya je ya rera wa bango.

A shekarar da nake ba ku labarinta, aka haɗa shi a Mina da wani tsoho ɗan Japan, Alhaji Yusuf, wanda ya musulunta da girmansa. Yabani muke ce masa, yadda ake kiran mutanen ƙasarsu a nan. Ɗan ƙaramin mutum ne, ƙafa ta ƙi, Larabcinsa irin na littafi, yana fito da shi kalma-kalma kamar mai tsince tsakuwa a wake. Babanku ya rubuta sunansa a bayan kekensa don kada a musanya masa, kuma kun san shi, ko sunan keke sai ya zauna ya ƙawata. Wannan rubutun tsohon ya gani, ya kama masa hannu ya ce wa ya yi shi. Ashe shi ma sana'arsa ke nan a can, zane da rubutu. Bayan an sauko daga Mina, Malam ya turo mini shi har gida ba shawara, ni kuwa ba abin da ke tukunyata sai tuwon shinkafa da miyar kuka. Na ji kamar in nutse don kunya. Tsohon ya ci, ya yi gumi, ya nemi ƙari.

Da aka kwashe kwanuka ya ce a ba shi ruwa kaɗan. Ya fito da wani ɗan baƙin dutse mai kwarmi, da wata baƙar sanda kamar yatsa, da burushi na gashi mai tsini, da takarda a naɗe, fara, mai laushi. Ya ɗiga ruwa a dutsen ya shiga goga sandar a hankali, ba gaggawa, har ruwan ya zama tawada. Inna tana kusurwa a kan shimfiɗarta, ba ta ko ƙifta ido.

"Wannan babban malami ne," in ji ta da Hausa. "Dubi yadda yake niƙa tawada."

"Inna, mai zane ne," na ce mata.

Ko ba ta ji ba, ko ta ji ta ƙi, Allah ne masani.

Ya shimfiɗa takardar a ƙasa, ya durƙusa da ƙyar, ya daɗe yana kallonta har na zaci ya manta abin da zai yi. Sai ya ja burushin sau ɗaya, ya sake ja, ya danna, ya ɗaga, sai ga dutsen Mina, wallahi shi ne, har da inda ya karye ta gefe. A gindinsa ya yi 'yan tsinin tantuna, kaɗan, sauran kuma ido ne ke ƙarasa su. Ba mutum, ba tsuntsu, don ya ce tun da ya musulunta ya bar zanen abu mai rai. A gefe ya yi rubutun ƙasarsu daga sama zuwa ƙasa, ya buga wani ɗan jan hatimi, ya ajiye burushi. Fiye da rabin takardar fari fat. Babanku da ya saba da zayyana irin tamu, wadda ba a barin ko wurin ɗora yatsa, ya ce masa ya Hajji, ai ba ka gama ba. Tsohon ya yi dariya. Abin da ya ce daga nan Malam ya maimaita mini shi sau ba adadi, shi ya sa na riƙe.

"A ƙasarmu burushin da ke yin dutse shi ke yin harafi. Mai zane ba ya cika takarda, yana bar wa abokinsa wuri ya sa waƙa da hannunsa. Waƙar ta faɗi abin da zanen bai nuna ba, rubutun kuma ya nuna yadda numfashin mai shi yake a ranar. In ukun nan ba su haɗu ba, aiki bai ƙare ba. Ni na yi nawa. Nan wurinka ne."

Malam ya tashi da rawar jiki ya kwaso waƙoƙinsa. Tsohon ya juya shafi, ya juya shafi, ya girgiza kai. Ya ce layi uku kawai, gajeru, kuma kada ya faɗi abin da ke zuciyarsa, ya faɗi abin da idonsa ya gani.

"Layi uku?" in ji babanku. "Ai ni a layi uku ko yabon Ubangiji ban gama ba."

Da zai tafi ya bar masa burushin da dutsen da sandar tawadar da ƙunshin takarda, ya ce in Allah Ya ara masa rai zai dawo Umra da azumi ya ga yadda aka cika wurin. Ba mu sake ganinsa ba. Ban san ko ya dawo ya neme mu ba, ko rai ne bai kai ba.

Watannin da suka biyo baya gidanmu ya zama abin da ya zama. Malam ya ce burushi ba alƙalami ba ne. Alƙalami kai ke juya shi, burushi kuwa in hannunka ya yi shakka ko kaɗan sai ya tona maka asiri a takarda, kuma ba gogewa, ba gyara. Ya rantse ba zai taɓa ta Yabanin ba sai hannunsa ya nuna, don haka ya ajiye ta a saman kabad ya shiga gwaji a sauran. Ya kwaikwayi dutsen, ya sa ajami a gefe, ya yage. Ya sa haruffan su gangaro tare da dutsen, ya yage. Har rubutun Japan ɗin yake kwaikwaya, bai san me yake cewa ba, wai yana koyon yadda hannun tsohon ke tafiya. Waɗanda ba su bushe ba ya rataye su a igiyar shanyata, a ɗaki da kan rufi, in zo shanya kayanku in tarar ba wuri. Na yi masifa har na gaji. Waƙar kuma ya yi ta yanke ta, kullum ya cire kalma kamar ana cire masa haƙori, har wata rana da hantsi ya kira ni daga kicin ya karanta mini abin da ya rage.

Tantuna sun yi shiru,
takalmi ɗaya a bakin hanya,
mai shi ya isa gida.

"Shi ke nan?" na ce. "Duk wahalar nan a kan takalmi?"

Ya ce shi ke nan. Na koma kicin ina tsaki, amma ina tsaye kan tukunya sai ga Mina a idona, yadda take bayan alhazai sun watse, don na yi aikin shara a can ina budurwa, na san shirun nan da tarkacen takalman nan. Ban faɗa masa ba, kada kansa ya kumbura. Abin da nake so ku sani shi ne, tun da sana'arsa ta mutu ban ga ubanku da walwala irin ta watannin nan ba. Ya yi ƙiba, yana tsokanarku, yana waƙa a bayi. Duk abin da ya biyo baya, ban taɓa tsine wa tsohon nan ba.

A benen da ke ƙasa da namu akwai Hajiya Gambo, ƙawar hirar Inna, da ɗanta Majid da matarsa. Majid haifaffen nan ne, yana da takardar ƙasa, yana aikin ofis, Hausarsa ba ta wuce "ina kwana" ba. Matarsa ta daɗe ba ta samu ba, sai a shekarar Allah Ya ba ta ciki, amma cikin ya zo da kumburin ƙafa da ciwon kai. Wata rana ina gidan da nake yi wa girki, Malam ya fita, kuna makaranta, Hajiya Gambo ta hau tana yi wa Inna kukan halin da surukarta ke ciki. Ku da kuka tashi a nan ba za ku gane ba, amma a inda Inna ta fito, rubutun malami ba na kallo ba ne, na sha ne. A rubuta a allo, a wanke, a ba mara lafiya. Ita a wurinta baƙar tawada da haruffan Larabci ba su da wani aiki a duniya sai wannan, ga shi hannun ɗanta ne, ga shi tawadar malamin da ya zo daga ƙarshen duniya. Da Hajiya Gambo ta sauka, sai Inna ta miƙe ta sauke takardu daga igiya, ta jiƙa su a kwano, ta murje, ta tace da ƙyalle, ta ɗura a kwalba ta kai mata. Ta ninke wata busasshiya ta ce a sa a ƙarƙashin matashin kai. Ba ta faɗa wa kowa a gidan ba, don a ganinta ba ta yi abin faɗa ba.

Ba a daɗe ba cikin ya zube, yarinyar ma da ƙyar aka ceto ta. Likita ya ce hawan jini ne, kuma na yarda, don tawadar nan ba komai ba ce sai baƙin hayaƙi da danƙo, ba ta da maraba da tamu. Amma Majid ya dawo daga asibiti ya ɗaga matashin kan matarsa, ya ga takarda mai haruffan Larabci da ba sa ba da ma'ana a Larabci, da zanen dutse, da wasu alamomi da bai taɓa gani ba. Ya matsa wa uwarsa, ta faɗa masa zancen kwalba. Mutumin da ya binne ɗan da ya daɗe yana jira, me kuke so ya yi tunani? Ya kai ƙara. Na daɗe ina jin zafinsa, yanzu na daina.

Bayan la'asar 'yan sanda suka zo. Suka kwashe takardun igiya, da na kabad, da burushin, da dutsen, da tsofaffin waƙoƙinsa duka, da zanen Yabanin wanda har ranar bai sa masa ko ɗigo ba. Suka fita da Malam yatsunsa baƙi ƙirin da tawada, yana tambayarsu me ya yi. Unguwa ta fito kallo. Kai Babba kana tsaye a bakin ƙofa da jakar makarantarka, shekarunka na fara jin kai namiji ne, kuma na ga lokacin da wani yaro ya faɗi kalmar a bayanka, ya ce sahir, wato mai sihiri. A ƙasar nan zancen sihiri ba wasa ba ne, yana iya cin wuyan mutum, balle baƙar fata mai zama da iƙama. Ni kuwa ban san daga ina abin ya faɗo mana ba, sai da na tarar da Hajiya Gambo a matakala tana kuka, tana cewa ita ba ta so haka ba, ita dai rubutun da Malam ya aiko Inna da shi ta karɓa da zuciya ɗaya. Na hau sama wurin Inna.

"Inna, wane rubutu kika ba su?"

"Na Auta mana. Na igiya."

"Shi ya ce ki bayar?"

"Sai ya ce? Rubutu ne, ga mara lafiya. Me zai yi mata in ba alheri ba?"

"Inna, ba aya ba ce. Waƙa ce. Waƙar takalmi ce."

Ta kalle ni, ta sunkuyar da kai.

Washegari da safe na fito na tarar ta yi wanka ta yafa mayafinta na zuwa Harami, tana riƙe da sandarta. Ta ce in kai ta inda aka kai shi, za ta faɗa musu da bakinta. Wallahi na ji sanyi a raina, na ce Allah Ya kawo mafita. Na riƙe ta muka sauka matakala ɗaya bayan ɗaya har ƙofar waje. Ta leƙa titi, motoci na wucewa, sai ta ce bari ta ɗan huta, ta zauna a kan dakali.

"In na faɗa, jirgi za su sa ni?"

"In sun tausaya miki, Inna, jirgi ne."

"Su kai ni ina?"

"Inda kika fito."

"Ai ba kowa a can. Duk na binne su a hanya."

Muka zauna har rana ta iso dakalin. Ban lallashe ta ba, ban kuma tsawata mata ba, jira kawai nake in ga ko za ta miƙe ta fuskanci titi. Da ta miƙe, matakala ta fuskanta. Na riƙe mata hannu muka hau, ta cire mayafin ta ninke, ta kwanta ta juya wa ɗaki baya. A ranar na tsani tsohuwar nan, ba zan ɓoye muku ba, kuma duk da haka na san tsoron da ya zaunar da ita.

An ɗauki lokaci kafin a bar ni in gan shi. Ya rame, an aske masa kai. Tun kafin in buɗe baki ya ce ya sani, ya gane daga tambayoyinsu. Ya ce ya yi musu bayanin Yabani da dutse da waƙa har muryarsa ta dushe, an kawo tafinta ya fassara musu layukan uku, suka ce takalmin wane ne, me aka yi wa mai shi. Amma ya ce duk wannan ba shi ne a gabansu ba. Abin da ke gabansu an ba mace mai ciki ruwan rubutu ta sha, kuma tambaya ɗaya suke ta juyawa: kai ka aiki tsohuwar, ko ita ta yi da kanta? In shi ne, ita 'yar aike ce, ba ruwansu da ita. In ita ce, a kawo ta, a kawo takardunta.

"Me ka ce musu?"

"Na ce ni na wanke, ni na ɗura, ni na aike ta. Ba ta san me ke cikin kwalbar ba."

"Malam, ƙarya ka yi wa kanka. Ka faɗi gaskiya, tsohuwa ce, wataƙila su bar ta."

"Wataƙila. Ke za ki sa uwarki a kan wataƙila?"

"'Ya'yanka fa? Ni fa?"

"Ku kuna da ƙafar tsayawa, Sa'ade. Ita ba ta da ita."

Sannan ya ce in rantse masa, muddin Inna na numfashi ba zan faɗa wa kowa ba, har ku. Ya ce bakin yaro ba shi da murfi, magana ɗaya in ta fita unguwa za a dawo a ɗauke ta, wahalarsa ta tashi a banza. Ya ce kuma da ita za ku zauna, ba ya so ku riƙa kallonta kuna ganin wadda ta raba ku da ubanku. Na ce to kai fa, da wane ido za su kalle ka? Ya ce ai ba za a daɗe ba, Inna ta tsufa, in ta cika burinta sai ki zaunar da su ki faɗa musu. Na rantse ina kuka, ina kuma jin haushinsa kamar in shaƙe shi. Ba wanda ya kawo a ransa cewa tsohuwar za ta yi shekarun da ta yi.

Allah Ya tsare wuyansa, don ba su sami ƙulli ko gashi ko sunan wani a kayansa ba. Ya yi zaman kurkuku, daga nan aka yi masa tarhil, aka sa shi a jirgi zuwa Nijeriya, tunda can asalin ubansa yake. Ni da ku wani kawuna haifaffen nan ya tsaya mana, asirinmu ya rufu. Na ce zan bi shi, ya ce in na biyo shi wa zai juya Inna, wa zai riƙe ku? Haka mutumin da bai san kowa ba bayan Makka ya sauka a Kano da furfurarsa da leda ɗaya. Ya kwana a masallaci, ya kwana a shagon wani, daga baya ya samu yana rubutu a jikin manyan motoci. Ya ce mini yara na yi wa Hausarsa dariya, wai yana magana kamar kakanninsu, yana kuma cusa Larabci. Zazzaɓin can bai taɓa barinsa ya huta ba. Na taɓa tambayarsa ko yana waƙa, ya ce a'a, hannun ne kawai ke aiki yanzu.

Ni kuma na zauna da Inna. Na dama mata kunu, na yanke mata farce, da ƙafa ta ƙi na ɗauke ta zuwa bayi, kuna gani kuna cewa Ummi da kaka kamar uwa da 'ya. Ba ku san abin da ke kwance tsakaninmu ba. Sau ɗaya tak ta taɓo zancen, bayan shekaru, ina ba ta kunu a baki. Ta riƙe mini hannu.

"'Yar nan, ranar nan da na zauna a dakali..."

"Na sani, Inna. Sha kununki kafin ya huce."

Ban bar ta ta ƙarasa ba, don in ta ƙarasa ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Duk Juma'a bayan an sauko yake bugo waya. Ƙannenka, Babba, suna karɓa, su yi "kef halak ya Baba," su miƙo mini. Kai kuwa tun daga ranar da aka fita da shi ka rufe. Ka ce wa abokanka ubanka ya mutu, na ji, kada ka zaci ban ji ba. In waya ta yi ƙara ranar Juma'a sai ka tashi ka fita, daga baya ma ka daina wahalar tashi, sai dai ka ɗaga mini hannu. Na yi maka faɗa, na yi maka kuka, ka ce mini mutumin da ya shayar da mai ciki sihiri, ya kuma fake da tsohuwar uwarsa ya aike ta, ba ubanka ba ne. Ka faɗi haka Inna na zaune a ɗakin, kana matsa mata ƙafa. Maganar ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta, na shiga kicin na buɗe famfo don kada ku ji ni. Na roƙi Malam ya warware mini rantsuwar, ko don kai kaɗai. Ya ce yaron yana da zafi, in ya ji zai je ya tari Majid, shi ke nan an tone komai. Ya ce in bar ka, gara ka ƙi shi da ka ƙi ta, shi yana nesa, ba ya gani.

Wata Juma'a ya bugo, muryarsa ta yi ƙasa, yana magana yana tsayawa ya yi tari. Ya gaisa da ƙannenka, ya gaisa da Inna, ta yi ta sa masa albarka tana kuka kamar kullum. Aka dawo mini da wayar. Kana zaune gabana, tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba, kana cin shinkafa.

"Babba yana kusa?" ya ce.

Na kalle ka. Ka ɗaga mini hannu, ko kai ba ka ɗago ba.

"Ya fita, Malam."

Sai ya ce:

"Ina jin cokalinsa, Sa'ade. Bar shi ya ci abincinsa."

Bai kai Juma'a ta gaba ba. Mutanen garejin da yake wa rubutu su suka yi masa wanka suka binne shi, wani daga cikinsu ya bugo ya faɗa mini, bai ma san cikakken sunansa ba. Da na sanar da ku, Babba, ka ce Allah Ya gafarta masa abin da ya yi, ka ɗauki makullin motarka ka tafi aiki.